Taku Goma a Bayan Iro

"Saki sandar nan, Malam. Ni ba akuya ba ne da za a ja ni kasuwa."

Malam Ishaku ya dubi hannunsa, sai ya ga ashe ya kama bakin sandar. Bai san lokacin da ya kama ba. Wata mota ce ta yo baya a tashar Maradi, hannun kuwa ya yi abin da hannun kowa ke yi in ya ga makaho, ya cafki sanda ya ja. Ya saki, ya miƙa gwiwar hannunsa yadda aka koya masa, Iro ya lalubo ya riƙe.

"Motar ga tana da nisa," in ji Iro. "Kuma injinta ya gaji, ba ka ji tarin da take ba? Kai dai faɗi abin da ke gaba, ka bar mani sauran."

Maƙwabta ne a Agiye, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Iro direba ne, ya yi shekara talatin yana jigilar mutane tsakanin Agiye da Maradi kafin ciwon suga ya cinye masa idanu. Sau ɗaya aka taɓa kawo shi birni bayan ya makance, wani ɗan'uwansa na gaba riƙe da bakin sanda, shi yana biye. A tsakiyar tashar nan, inda a da ake darewa in an ga motarsa, wani ɗan kamasho da ya san shi sarai ya damƙa masa sadaka a tafin hannu, ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Tun ranar Iro bai sake taka Maradi ba. Shekara huɗu ke nan, ga shi kuwa 'yarsa Batulu can take aure.

Sai bara wata ƙungiya mai taimakon makafi ta turo wata mata, Basira, ta zo Agiye neman masu sa kai, waɗanda za su riƙa raka makafi cikin birni. Ranar farko mutum goma sha bakwai suka cika ajin lakol, wato makarantar boko. Da suka gane ba a raba komai, washegari huɗu suka dawo. Malam Ishaku na cikinsu, ba don yawan tausayi ba. Tsohon malamin lakol ne da ya ajiye aiki, kuma tun rasuwar matarsa ba mai motsi a gidansa sai shi da garar da ke cin littattafansa.

Basira ta ɗaure musu idanu da ƙyalle, ta sa suka zagaya filin lakol suna karo da juna. Sannan ta ba su dokokinta. Ba a riƙe wa makaho sanda, sandar ita ce idonsa. Ba a jan sa, shi ke riƙe gwiwar hannunka. Kullum kana rage magana, kullum kana ja da baya.

"Aikinku shi ne a daina buƙatarku," in ji ta. "Ranar ƙarshe kana baya da taku goma, bakinka a rufe. Ba za ka yi magana ba sai ka ga mota ko rami."

Malam Ishaku ya rubuta wannan a kaye, irin littafin 'yan lakol, ya ja masa layi biyu.

Abu ɗaya Iro ke so. Batulu na da tsohon ciki, haihuwa ta uku. Yana so ranar suna ya fito daga tasha, ya taka da ƙafarsa har ƙofar gidan surukinsa, ya yi sallama, ba kowa gabansa, ba kowa gefensa. Batulu ba ta san ana shirin ba. Matarsa Jummai ta sani, ta kuma ce hauka ne.

Kowace Laraba suke zuwa. Da safe jikin Iro ba ya da ƙarfi sai ya ci abinci ya sha magani, saboda haka sai hantsi suke shiga mota, su iso da azahar, su yi salla, su kama hanya. Iro ba ya buƙatar a gaya masa inda mota take. Yana jin ramukan kwalta a bayansa zai ce, "Cadawa ke nan," ya kuma zagi direban a hankali. Cikin gari ne aikin yake. Malam Ishaku ya jera hanyar a kaye kamar darasi. Daga ƙofar tasha a yi hagu, a bi katanga har ta ƙare. In an shaƙi hayaƙin mai balangu, nan ake tsallaka kwalta, daidai tudun da ke sa motoci rage gudu. Sai kwata mai gadar katako. Sai rumfar masu walda, inda ake dukan ƙarfe. In ƙarar ta zo daidai kunnen dama, a karya dama. Ƙofa ta uku, ta ƙarfe, ita ce gidan.

Sau bakwai suka yi ta. A bakin lungun suke juyowa, don kada a gan su. Zuwa na shida da na bakwai Iro bai taɓa gwiwar Malam Ishaku ba ko sau ɗaya.

Batulu ta sauka lafiya, namiji. Jummai ta wuce Maradi tun ranar haihuwa. Ranar suna, da yake da sassafe ake raɗa suna, suna sallame asuba suka shiga motar farko, suka iso tasha ƙarfe bakwai da 'yan mintoci. Iro ya sha babbar riga fara, ya fesa turare har direban ya yi atishawa.

"To, Malam," ya ce a ƙofar tasha. "Nan za ka tsaya."

"Doka ta ce taku goma a baya."

"Dokar wa? Basira ce kakan yaron ko ni? In kana bayana ai kai ka kai ni. Nemi mai shayi ka zauna. In na isa za a kira ka a salula."

"Na ji."

"Ka ji, ko ka yarda?"

"Na ce na ji, Iro."

Iro ya buga sandarsa ƙasa ya yi hagu. Malam Ishaku ya tsaya ya ƙirga takun Iro har goma. Ya ƙirga wasu biyar don kunya. Sannan ya bi shi.

Katanga ta ƙare lafiya. A nan Iro ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya juya kai dama da hagu. Babu hayaƙi. Teburin mai balangu na nan a kife, ko wuta ba a hura ba. A lokacin ne Malam Ishaku ya ga abin da bai rubuta a kaye ba. Sau bakwai suka bi hanyar nan, duka bakwai da rana tsaka. Birnin da ya koya wa Iro birnin azahar ne. Na safe wani gari ne dabam, kuma shi da ya yi shekara talatin da biyar yana gyara kuskuren 'ya'yan mutane da jan biro bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Amma Iro direba ne. Ya kasa kunne, ya ji inda motoci ke sassautawa su hau tudu su sauka, ya ɗaga sanda sama ya tsallaka kamar mai garin. Ya sami gadar katako. Malam Ishaku ya sauke numfashi.

Rumfar masu walda a rufe take da kwado. Shiru, sai wata kaza.

Iro ya wuce ta. Ya wuce bakin lungun, sandarsa na tafiya dama da hagu cikin natsuwa, yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Daga inda Malam Ishaku yake yana hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida ta uku, maza na taruwa, ga rago ɗaure. Kalma ɗaya ta isa. "Dama." Ya buɗe baki. In ya faɗe ta, Iro zai san an bi shi, zai isa kan lokaci, ya isa a matsayin makahon da aka kawo. In bai faɗa ba, bai san abin da zai faru ba. Ba mota, ba rami. Ya rufe bakinsa ya bi.

Abin da ya biyo baya Malam Ishaku bai taɓa iya jera shi daidai ba, ko a ransa. Sun wuce wani masallaci, sun wuce inda ake sayar da itace. Iro ya tsaya, ya koma baya kaɗan, ya shiga wani lungu da ba shi ba ne, ya ƙirga ƙofa uku, ya shafa ta ukun ya ji ta katako ce, ya fito ta wani gefen. Ya tambayi wata mai ƙosai ina masu walda suke.

"Waɗanne, Baba? Masu walda ai sun fi goma a unguwar ga. Kawo sandar in fid da kai bakin hanya."

"Bar sandar inda take, 'yata. Na gode."

Rana ta fara zafi. Farar rigar ta jiƙe a baya. Wani mai kabu-kabu ya tsaya ya ce ya hau, Iro ya ce ba ya hawa abin da bai kai mota ba. A wani lungu mai yashi, bayan wani kango, an zubar da guntayen tsohon kwanon rufi. Malam Ishaku ya ji ƙarar kwanon ƙarƙashin ƙafar Iro, ya ga ya ɗan yi tuntuɓe ya gyara ya ci gaba. Sai da ya iso wurin da kansa ya ga ɗigon jini a kan yashi. Ɗaya, sai wani bayan taku biyu, sai wani. Kwanon ya shiga tsakanin takalmi da diddige. Iro bai ji ba. Suga ya daɗe da kashe masa jin ciwo a ƙafa.

Malam Ishaku ya tsaya a kan jinin yana gardama da kansa kamar a gaban sufeton lakol. Yanka ne ƙarami. Ko babba ne? Daga taku goma ba a gani. Jini ba mota ba ne. Jini ba rami ba ne. To mene ne? Kafin ya gama, Iro ya yi nisa, dole ya ɗaga ƙafa ya cim masa.

Wajen ƙarfe tara, can daga yamma, wani ya ɗora guduma a kan ƙarfe.

Iro ya tsaya cak. Aka sake bugawa, sai injin yankan ƙarfe ya ɗauki kuka. Ya juya a hankali har fuskarsa ta daidaita da ƙarar, ya nufe ta. Ya bi lungu biyu, ya fito bakin hanya, amma ta ƙasa ya ɓullo wa rumfar, ba ta inda aka koya masa ba. Malam Ishaku ya ga ya tsaya yana motsa leɓe. Ƙarar tana kunnen hagu. Iro ya yi murmushi, irin na direban da ya gane wata tsohuwar hanya, ya karya hagu. Ɗaya, biyu, uku. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe da kan sanda.

An riga an raɗa suna, an yanka rago, an fara naɗe tabarmi. Daga bayan wata bishiya Malam Ishaku ya ji sallamarsa, da ƙarfi, har bakin lungu.

"Salamu alaikum! Ina angon ƙarni? Kakan ya iso."

Hafizu, mijin Batulu, ya taso da gudu yana leƙa bayansa. "Baba! Wa ya kawo ka?"

"Ƙafata."

"A'a, Baba, kai da wa?"

"Ni da Allah. Mi aka sa ma yaron?"

"Mudassir."

Cikin gida guɗa ta tashi, aka ji muryar Batulu tana kuka tana dariya. Malam Ishaku ya juya ya koma tasha, ya zauna wurin mai shayi, ya jira kiran salula kamar mutumin kirki.

Jummai ce ta ga jinin, da Iro ya tuɓe takalmi zai hau tabarma. Aka wanke da ruwan zafi aka ɗaure da tsumma, aka ci gaba da biki. Bayan kwana huɗu diddigen ya kumbura. Bayan kwana goma ya fara baƙi, yana wari. Aka koma da shi Maradi, wannan karon a kwance a bayan mota, likita ya duba ya ce sai an yanke ƙafar daga gwiwa.

"Wace? Wadda ta kai ni?" in ji Iro. "Ku mai da ni gida."

Aka yi lallashi, aka kira liman, aka kira Batulu ta yi kuka a salula. Ya ce ya ji, ya gode, a mai da shi gida.

Ranar da suka dawo, da la'asar, Jummai ta yi magana ta kan katanga. Ba ta leƙo ba, muryarta kawai ta ƙetaro.

"Malam, kana ciki?"

"Ina ciki. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi za a ce. Malam, kai da aka ce kai ne ɗan rakiya, ranar nan kana ina?"

Ya dubi katangar. In ya ce yana tasha, ya zama wanda ya saki makaho mai ciwon suga cikin birni ya zauna shan shayi. In ya ce yana baya, ya zama wanda ya ga jini ya yi shiru, kuma tafiyar Iro ta tashi daga aiki.

"Ina tasha. Shi ya ce in tsaya."

"Shi ya ce," in ji Jummai. Ya jira sauran. Sai ya ji ta ɗauki tsintsiya.

Basira kaɗai ya gaya wa gaskiya, da ta kira tana murna ta ji labarin makahon Agiye da ya ratsa Maradi. Da ta gama saurare sai ta ce:

"Jini kuwa, Malam, ai da ka yi magana."

"Kin ce mota ko rami."

"Na ce. Amma ai... to, da ka yi maganar kuma... Ni ma ban sani ba, Malam. Ba a koya mana wannan ba."

Iro kuwa bai taɓa zama cikin annashuwa kamar a makonnin nan ba. Aka shimfiɗa masa katifa a zaure, ƙafar a kan matashi an rufe ta da zane saboda ƙuda. Direbobi da 'yan kamasho suka riƙa zuwa dubiya, kowa ya zo sai ya ji labarin. Tafiyar awa biyu ta zama uku. Mai ƙosai ta zama mata biyar da suka kewaye shi suna roƙo ya ba su sandar. Jiki na zubewa, labari na ƙiba. Malam Ishaku na zaune daga gefe yana kora ƙuda da mafici, ba ya gyara ko kalma ɗaya.

Wata Talata da hantsi suka rage su biyu. Zazzaɓi ya ɗan sauka, muryar Iro ta yi ƙasa.

"Malam."

"Na'am."

"Ranar nan ka sha jira a tasha."

"Na sha."

"Shayin wajen kuwa ba shi da kyau. Ruwa ne da suga." Ya yi numfashi. "Ka san wani abu? Akwai wanda ya yi ta bi na ranar nan. Ban faɗa ma kowa ba, kada a ɓata labari. In na tsaya ya tsaya, in na tahi ya tahi. Tun daga tasha."

Maficin ya tsaya a hannun Malam Ishaku. "Wane ne?"

"Ina zan sani? Makaho ne ni. Na ɗauka ɓarawo ne, ya ga babbar riga. Sai na ce to, in ɓarawo ne ba shi da zuciya, awa biyu ya kasa sa hannu."

"Iro, ka saurara..."

"Ko sallama bai yi ba, ɗan banza." Iro ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Amma dai bai taɓa mani sanda ba. Wannan na shaide shi. Ci gaba da fifitar, Malam, ƙudan ga sun raina ni."

Malam Ishaku ya ci gaba da fifita. Ya dubi fuskar nan ya nemi wata alama, ko zargi, ko yafiya, ko tsokana. Idanun fari fat suna kallon azarar zaure, ba abin da ke cikinsu. Ya koma gida ya juya maganar ta kowace fuska, yadda yake yi wa jimla mai wuya a littafi, bai samo ma'ana ɗaya da ta tsaya ba.

Ranar Alhamis, tsakanin azahar da la'asar, ya ji salatin Jummai ta kan katanga. Aka yi wa Iro sutura aka kai shi kafin rana ta faɗi.

Zaman makoki ya cika fiye da yadda ake zato. 'Yan tasha sun zo mota biyu daga Maradi. Ran kwana uku, bayan an shafa addu'a, wani tsohon direba daga Cadawa ya ɗauko labarin yana ba waɗanda ba su ji ba, yadda Iro ya ratsa birni tun daga tasha har ƙofar 'yarsa, ba jagora, ba ɗan rakiya, ya ƙi mota ya ƙi babur. Ɗan kamashon da ya taɓa ba shi sadaka yana wurin, yana gyaɗa kai fiye da kowa.

"Shi kaɗai fa!" in ji direban. Ya juyo. "Ga Malam nan, shi ya san komi. Malam, ba haka aka yi ba? Shi kaɗai?"

Fuskoki suka juyo gare shi. A bayan labulen zaure motsin mata ya tsaya.

"Haka ya faɗa mani," in ji Malam Ishaku. "Ni ina tasha."

Aka ce Allahu akbar, aka ce Allah ya jiƙan maza. Cikin gida jaririn Batulu ya fara kuka, wata ta ɗauke shi tana jijjigawa. Inuwar bango ta janye daga inda suke, mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna jan tabarminsu zuwa gindin bishiya. Malam Ishaku bai tashi ba. Rana ta hau gwiwarsa, ta hau hannayensa da ke kife a kan cinya, yana zaune yana kallon hannayen.